Ɗumi Nawa Ɗaki Yake Bukata A Ƙasar Sanyi?

A ƙasarmu sanyi baƙo ne. Yakan sauka tare da hunturu wajen watan Disamba, ya yi wata biyu ko fiye da haka kaɗan, ya sa wa yara kaushi da faso, ya tara tsofaffi bakin wuta da asuba, sa'an nan tun ba a gama gunaguni ba sai ya naɗe tabarmarsa, bazara ta shigo. Saboda haka ba mu taɓa zama mun yi masa lissafi ba. Wanda ya ji ɗari ya ƙara bargo, ko ya sa a zubo masa garwashi a kasko, magana ta ƙare. Amma a Ingila, inda nake zaune da iyalina, sanyi shi ne maigida. Tun daga watan Oktoba har Afrilu yana nan bai gusa ba, kuma duk ɗumin da mutum ya ji a ɗakinsa saye ya yi, kamar yadda ake sayen hatsi da mudu. To, abin da ake saye da mudu kuwa tilas ne a san yawan mudun da gida ke ci. Wannan shi ne lissafin da nake so in kawo wa masu karatu, musamman ɗalibai da ma'aikatanmu da ke ta tafiya ƙasashen sanyi, da kuma iyayen da ke bin bayansu ziyara.

Galibin gidajen Ingila da ruwan zafi ake ɗumama su. Akwai wata tukunya mai aiki da gas, yawanci a maƙale jikin bangon kicin, ita ke dafa ruwan. Wani ɗan ƙaramin famfo yana tura shi cikin bututu, ya kewaya gidan ɗaki ɗaki. A kowane ɗaki ruwan yakan shiga cikin wani faffaɗan ƙarfe mai rami a ciki, wanda aka kafa jikin bango, ya bar zafinsa a nan, sa'an nan ya koma tukunya a sake dafa shi. Wannan ƙarfe Turawa suna kiransa da sunan da suke kiran lagireton mota, kuma suna da gaskiya, domin aikinsu ɗaya ne, watau ruwan zafi ya shiga, iska ta kwashe zafin, ruwan ya fita ya huce. Bambancin kawai shi ne direba rabuwa da zafin yake so ya yi, mai ɗaki kuwa shi yake nema. Don haka ni ma lagireto zan kira shi.

Wani ɗan kasuwa mai suna Franz San Galli, wanda ya zauna a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha, yana cikin waɗanda aka fi jingina wa ƙago wannan ƙarfe, wajen shekarar 1855. Amma Ingilishi sun daɗe ba su karɓe shi a gidajen talakawa ba. Gawayin kwal suka riƙe, kowane ɗaki da murhunsa da bututun hayaƙinsa, har ran da hayaƙin ya haɗu da hazo ya rufe Landan a watan Disamba na 1952, ya kashe mutane aƙalla 4,000 bisa ƙidayar farko. Wannan ne ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Daga baya aka sami gas a ƙarƙashin Tekun Arewa, aka bi gidaje ana sauya musu kayan wuta daga 1967 zuwa 1977. Ko a 1970 gidajen da ke da irin wannan ɗumi na ruwan zafi da makamantansa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ma'anar wannan ita ce miliyoyin gidajen ƙasar an gina su ne tun kafin zuwan lagireto, daga baya aka liƙa musu shi, kuma ba kullum ne aka tsaya aka yi awo ba.

Yawancin mutane in ka tambaye su wane irin lagireto ɗaki ke bukata, sai su ce ai babban ɗaki babban lagireto, ƙaramin ɗaki ƙarami. Wannan rabin amsa ne. Ya kai mai karatu, ka ɗauki ɗaki kamar tulu mai yoyo, ana so ruwan cikinsa ya tsaya a wuya kada ya sauka. Yawan ruwan da za ka riƙa ƙarawa, yoyon ne ke faɗa maka shi. Babban tulu mai ɗan tsatsa ludayi ɗaya ya ishe shi, ƙaramin tulu mai ɓuli a gindi kuwa ko guga kake zuba masa ba ya cika. Haka zafi yake. Kullum gudu yake yi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje, gwargwadon saurin gudunsa. Aikin lagireto shi ne ya mayar da abin da ya tsere, ba daɗi ba ragi. Saboda haka wanda ke son sanin girman lagireto, yoyon ɗakinsa zai auna.

Ƙofofin yoyon nan iri biyu ne. Akwai zafin da ke ratsa jikin ginin kansa, watau bango da taga da silin da daɓe. Akwai kuma wanda ke fita tare da iska ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga da kowace kafa, iskar waje mai sanyi ta maye gurbinta. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to amma zafi ba ya jiran tsaga, ta cikin bulon ma ratsawa yake yi. Ana auna dukansu da wat, ma'aunin nan da muka sani a jikin ƙwan lantarki, wanda aka sa wa sunan injiniya James Watt, mutumin Sikotilan. Don mai karatu ya san nauyin abin, jikin babban mutum yana zaune ba ya aikin komai yana fitar da zafi kimanin wat 100.

Dalilin da ya sa na zauna na yi wannan lissafi da kaina shi ne surukuwata. A ƙarshen shekarar 2022 mai ɗakina tana da tsohon ciki, aka shirya Hajiya za ta zo daga gida ta zauna da ita har a yi arba'in. Ɗakin da za mu sauke ta kuwa shi ne na baya a bene, a wani tsohon gidan haya na jan bulo a Bamingam, irin waɗanda aka jera a layi tun zamanin Sarauniya Biktoriya, namu shi ne na ƙarshen layin. Duk Bahaushe ya san abin da ke tsakanin mutum da surukuwarsa. Ba zan iya tsayawa bakin ƙofarta in ce, "Hajiya, kina jin sanyi?" ba. In ma na aika 'yarta ta tambaya, amsar da za ta dawo ita ce lafiya lau, Allah Ya yi albarka, ko da haƙoranta na kaɗawa. Mace ce da ta haura shekara saba'in, ba ta taɓa ganin ƙanƙara a ƙasa ba, kuma ta gwammace ta kwana a dunƙule da a ce ta ɗora wa mijin 'yarta nauyi. Tun da baki ba zai faɗa mini ba, sai na ga babu abin da ya rage illa alƙalami.

Abu na farko shi ne tsai da lambobi biyu, ɗumin da ake so a ciki da sanyin da ake tsammani a waje. Masu wannan sana'a a Ingila sukan ɗauki digiri 21 don falo, 18 don ɗakin kwana, 22 don banɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2018 game da gidaje, ta ce kada ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya kuma suna iya bukatar fiye da haka. Hajiya ba kwana kawai za ta yi a ɗakin ba, nan za ta yini, nan za ta yi salla da lazimi, don haka na ɗauki 21. A waje kuwa ba a ɗaukar daren da ya fi kowane dare sanyi a tarihi, domin in an yi haka za a sayi abin da ya wuce kima. Ana ɗaukar sanyin da ba safai ake wuce shi ba, wanda a tsakiyar Ingila yake wajen digiri 3 ƙasa da sifiri. Daga 3 ƙasa da sifiri zuwa 21 tazara ce ta digiri 24. Wannan 24 ita za ta bi mu har ƙarshen lissafin.

Sai na ɗauki tef. Tsawon ɗakin mita 4, faɗinsa mita 3, daga daɓe zuwa silin mita 2.5. Bango biyu ne ke fuskantar waje, na mita 4 da na mita 3. Sauran biyun, ɗaya yana jingine da ɗakin yara, ɗayan da matakala, ƙarƙashin daɓen kuma falo ne, dukansu da ɗuminsu, saboda haka abin da ke fita ta nan bai kai a tsaya kansa ba. Bangon waje ke nan mita 7 sau 2.5, ya ba da murabba'in mita 17.5. Taga guda ce, mita 1 da mita 1.5, watau murabba'in mita 1.5. In an cire ta, bulo zalla ya rage murabba'in mita 16. Silin kuma 4 sau 3, murabba'in mita 12.

Nan ne aka zo ga zuciyar al'amarin. Kowane irin kayan gini yana da lambarsa ta yoyo, wadda injiniyoyi ke yi wa alama da harafin U. Lambar tana faɗin wat nawa ne ke ratsa murabba'in mita ɗaya na abin in tazarar ciki da waje digiri ɗaya ce. Ƙaramar lamba ita ce alheri. Tsohon bangon jan bulo cunkus, mai kaurin inci 9, irin namu, lambarsa wajen 2.1 ce. Bango mai ruɓi biyu da sarari a tsakani, irin wanda ya yaɗu bayan 1920, yana wajen 1.5, in kuwa an cusa wa sararin abin tare zafi sai ya sauko kusa da 0.5. Bangon sabon gida da aka gina bisa dokokin shekarun baya-bayan nan yakan tsaya wajen 0.2. Ka duba tazarar nan, tsohon bango yana zubar da zafi ninki goma na sabo, alhali a ido dukansu bango ne, an shafe su da farin fenti. Taga mai gilashi falle ɗaya tana kusa da 5, mai falle biyu tsohon yayi 2.8. Silin da ba a shimfiɗa wa komai a bisansa ba ya haura 2, wanda aka shimfiɗa wa audugar gilashi mai kaurin santimita 10 kuma wajen 0.4 ne. Na hau tsani na leƙa saman namu da tocila, na tarar da wannan shimfiɗa tana nan, ko da yake ta sha ƙura.

Lissafin kansa ɗan firamare zai iya yinsa. Faɗin wuri, sau lambar yoyo, sau tazara. Bango, 16 sau 2.1 sau 24, ya ba da wat 806. Taga, 1.5 sau 2.8 sau 24, wat 101. Silin, 12 sau 0.4 sau 24, wat 115. Saura iska. Cikin ɗakin 4 sau 3 sau 2.5 ne, watau kubik mita 30, kubik mita kuwa shi ne cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. A tsohon gida ana ɗauka iskar ɗakin kwana tana sauyawa gaba ɗayanta sau ɗaya a awa, falo sau ɗaya da rabi, in akwai buɗaɗɗen bututun hayaƙi kuwa abin ya fi haka nesa. Ɗumama kubik mita ɗaya na iska da digiri ɗaya a kowace awa yana cin kashi ɗaya cikin uku na wat, watau 0.33. Saboda haka 0.33 sau 30 sau 24, wat 238. Jimla duka, wat 1,260. Na ƙara kashi goma cikin ɗari don ɗakin yana fuskantar arewa, ba ya ganin rana duk lokacin sanyi, sai na tsaya a kan 1,400.

Da na dubi takardar, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda ɓarnar take. Kowa a gidan taga yake zargi, domin nan ake jin sanyi in an kai hannu, har mai ɗakina ta ɗinka mata labule mai kauri. Ga shi kuwa taga ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Bangon nan da ke tsaye shiru shi ke kwashe kusan kashi biyu cikin uku. Na kuma ga farashin digiri ukun da na ƙara wa Hajiya, domin da 18 na ɗauka da jimlar ta tsaya wajen 1,100. Wat 160 ke nan, bai kai ɗumin jikin mutum biyu ba. Ban ga abin ciniki a nan ba.

Na kira mai aikin famfo, wani dattijon Bature da ya shekara talatin yana wannan sana'a. Bai ɗauki alƙalami ba. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya waiwaya, ya auna da ido, ya ce BTU 4,200 da 'yan kai. Wannan BTU tsohon ma'aunin Ingilishi ne, asalinsa zafin da zai ɗaga laba ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Faranhait, kuma har yanzu masu sana'ar ba su sake shi ba. Wat ɗaya daidai yake da BTU 3.41 a awa. Dabararsa ita ce ya lissafta cikin ɗakin da ƙafa, ya ninka sau 4 in ɗakin kwana ne, sau 5 in falo ne. Da na mayar da wat 1,260 nawa, sai ya ba ni BTU 4,300. Watau ni da na ɓata maraice guda da tef da tsani, da shi da ya yi minti ɗaya yana waige-waige, kusan wuri ɗaya muka sauka. Na jinjina masa. Amma dalilin dacewar a fili yake, dabarar tasa an gina ta ne a kan tsofaffin gidaje irin wannan. In ya shiga sabon gida da ita, inda bango ke da lamba 0.2, zai sa wa mutane ninki biyu na abin da suke bukata ko fiye, kuma ba wanda zai zo masa da ƙara, domin ba a cika kai ƙarar ɗumi ya yi yawa ba.

Inda muka rabu da shi wani wuri ne dabam, kuma shi ne wurin da na fi so mai karatu ya riƙe. Lagireton da ke ɗakin falle ɗaya ne, tsayinsa santimita 60, tsawonsa mita 1, takardar kamfani ta ce yana ba da kimanin wat 1,000. Dattijon ya ce a sa wanda ya ɗan fi shi kaɗan, mai 1,400, a wuce wurin. To, amma lambar da kamfani ke bugawa tana da sharaɗi a ƙarƙashinta da ƙananan baƙaƙe. Bisa ƙa'idar gwaji ta ƙasashen Turai, ana auna lagireto ne ruwa yana shiga da digiri 75, yana fita da 65, ɗakin kuma yana kan 20. Matsakaicin zafin ƙarfen 70 ke nan, ya ɗara na ɗakin da digiri 50. In ruwan gidanka bai kai haka zafi ba, lagireton ba zai ba ka abin da aka rubuta ba. Raguwar ma ta fi yadda mutum zai zata, domin yawancin ɗumin lagireto iska ce ke ɗaukarsa, ta taɓa ƙarfen ta yi zafi ta tashi sama, mai sanyi ta biyo ta ƙasa, in ƙarfen ya huce kuma wannan kewayawa ita ma sai ta yi sanyin jiki. In tazarar ta sauko daga 50 zuwa 30, abin da za ka samu rabi ne da ɗan ɗoriya.

Tukunyar gidanmu kuwa a kan 60 na ajiye ta, da gangan. Tun watan Afrilu na 2005 doka ta wajabta a Ingila cewa sabuwar tukunyar gas ta zama irin mai tatse zafin tururin da ke cikin hayaƙinta kafin ya fita. Wannan tatsa ba ta yiwuwa sai ruwan da ke dawowa tukunya ya gaza wajen digiri 55. Wanda ya murɗa tasa zuwa 75 ya sayi tukunyar zamani yana aiki da ita kamar ta da. A wannan shekara kuwa ba abin wasa ba ne. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu na 2022 farashin gas ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida, wanda aka ƙayyade a kan fam 1,277 a shekara a Oktoban 2021, sai da gwamnati ta sa hannu kafin ya tsaya a kan fam 2,500 a Oktoban 2022. Ban da kuɗi ma, ƙarfe mai digiri 70 yana ƙona fata, musamman ta tsoho da ta jariri, shi ya sa a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi na ƙasar ake so kada jikin lagireton da hannu ke kaiwa ya wuce digiri 43.

Ruwa yana shiga da 60, yana fita da 50, matsakaici 55, a cire 21 na ɗaki, saura 34. A wannan tazara lagireto yana ba da kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da ke takarda. Ashe tsohon ƙarfen ɗakin wat 600 yake bayarwa, bai kai rabin bukata ba. Mai 1,400 da dattijon ya ambata zai ba da 840. Don in sami 1,400 na gaskiya, sai na nemi wanda takardarsa ta ce 2,300 ko fiye. Da na nuna masa, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai sai in ƙara wa tukunyar wuta. Na ce masa lagireto sau ɗaya ake saye, gas kuwa kowane wata. Ya yi dariya, ya ce kuɗina ne.

Akwai wata hanya da ta fi wannan kyau, kuma alƙalami ya nuna ta ƙarara. In aka liƙa wa bangon nan biyu allon tare zafi ta ciki, mai kaurin kimanin santimita 10, lambarsa za ta sauko daga 2.1 zuwa wajen 0.3. Wat 806 ya koma 115, jimlar ɗakin ta koma 570, tsohon lagireton nan da na raina ya ishe shi ba tare da an taɓa shi ba, kuɗin gas na ɗakin kuma ya ragu fiye da rabi muddin ginin na tsaye. Amma bangon ba nawa ba ne. Mai gidan ya yarda in sauya lagireto da kuɗina, batun bango kuwa ya ce ba yanzu ba. Ban ga laifinsa can can ba, domin tsarin ne ya karkace, shi zai biya kuɗin gyara, ni zan ci ribar ragin gas. Wanda bangon ke hannunsa ba ya jin sanyin, wanda ke jin sanyin ba shi da iko da bangon, da haka dubban gidajen haya suke tsaye suna ɗumama titi. Illar kuma ba ta tsaya ga aljihu ba. Bango mai sanyi yana tara raɓa daga numfashi da tururin girki da shanyar cikin ɗaki, raɓa ta haifi baƙar fumfuna. A watan Nuwamba na 2022, daidai lokacin da nake wannan lissafi, wata kotun binciken mutuwa a arewacin Ingila ta tabbatar da cewa fumfunar gidan haya ce ta yi sanadin rasuwar wani yaro ɗan shekara 2 a 2020. Baƙi da masu ƙaramin ƙarfi su suka fi zama a irin waɗannan gidaje, kuma su suka fi kashe ɗumi don tsoron takardar biya.

Muka sa lagireto mai falle biyu, da ƙarafa masu lanƙwasa kamar kwanon rufi a tsakaninsu don iska ta sami wurin taɓawa, tsayi santimita 60, tsawo mita 1.4, takardarsa ta ce wajen wat 2,400. Aka kafa shi ƙarƙashin taga, inda aka saba, don ɗumin da ke tashi ya tare sanyin da ke gangarowa daga gilashi. Sai da aka rage tsawon labulen nan mai kauri, domin labulen da ya rufe lagireto tagar yake ɗumamawa. Aka sa masa bawul mai lamba wanda ke rage ruwa da kansa in ɗaki ya kai yadda ake so. Wannan bawul shi ya sa girman lagireto ba ɓarna ba ne, gama wat 1,260 ɗin nan na daren tsananin sanyi ne kawai. A ranar da waje ke kan digiri 5, wadda ita ce galibin ranakun sanyin Ingila, tazarar 16 ce, bukatar ta koma 840.

Hajiya ta sauka a ƙarshen Nuwamba. A mako na biyu na Disamba aka yi wani sanyi mai tsanani da ya rufe ƙasar kwana da kwanaki, wasu dararen ma ya wuce abin da na lissafta. Na rataye ɗan ma'aunin zafi a bayan ƙofarta, na sa babbar 'yata ta riƙa karanto mini shi in ta kai wa kakarta shayi da safe. Bai taɓa gaza 20 ba. Abu guda ne kawai ta nema ta bakin 'yarta, wai ko za a sami kasko da ɗan gawayi, don ɗumin da ba a ganin wutarsa bai kwanta mata a rai ba. Wannan kam ban yarda ba, na kuma roƙi a ba ta haƙuri. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. A zauren gidanmu na gargajiya, inda iska ke shiga ta ƙofa da ƙarƙashin jinka, hatsarin yana da sauƙi, ko da yake ko a gida ana samun wanda ya rufe ƙofa da taga a kan kasko ko janareta bai tashi ba. A ɗakin Turai kuwa, da aka toshe kowace kafa da roba, ba a gwada shi ko sau ɗaya. Muka saya mata gorar roba ta ruwan zafi, ta riƙa sa wa a ƙafa.

Mai karatu da ke Kano ko Sakkwato yana iya cewa ina ruwansa da wannan. To, in ya taɓa shiga kanti sayen na'urar sanyaya ɗaki ya riga ya gamu da lissafin, ta baya kawai ya shigo masa. Wadda muke kira mai doki ɗaya da rabi, in ka duba jikin kwalinta za ka ga an rubuta BTU 12,000, watau tana kwashe zafi wajen wat 3,500 daga ɗaki. Tulun dai shi ne, yoyon ne ya juya, zafi na kutsowa ciki maimakon fita. A watan Afrilu, waje na kan digiri 40 kai kana son 25, tazara 15 ce, sa'an nan ga rana tana dukan kwano da bangon yamma, ga ɗumin jikin mutanen da ke ciki, kowanne da wat 100 nasa. Mai kanti zai tambaye ka girman ɗakin ne kawai, kamar yadda dattijon nan ya waiwaya ya auna da ido. Ba zai tambaye ka ko akwai silin a ƙarƙashin kwanon ba, ko bangon bulon siminti ne mai inci 6 ko ginin ƙasa mai kauri irin na soron kakanninmu, ko tagar gabas take kallo ko yamma. Ɗaki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a ƙasan bene yana fuskantar arewa, ɗayan a sama ƙarƙashin kwano tsirara, na farkon doki ɗaya ya ishe shi, na biyun ko an sa masa biyu sai na'urar ta yini tana gurnani, mita tana gudu.